Tsakanin Dala da Dala

An yi alkawarin ne a farkon 2023, ranar da 'yar farin gidan ta kai izu talatin a hadda. Mahaifinta, wanda ke koyarwa a wata kwalejin kimiyya da fasaha a Kano, ya ce mata ranar da ta kammala za su tafi Alƙahira gaba ɗayansu, ta shiga masallacin Azhar da ƙafarta, ta kuma ga dalar Fir'auna da take gani a littafin makaranta. Ba zumuɗi kaɗai ya sa shi faɗa ba, ya yi lissafinsa a zuci. A lokacin dalar Amurka tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, wajen 750 a Wapa.

A watan Yunin shekarar Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Kafin shekara ta zagayo dala ta haura naira 1,500. Yarinyar ba ta san da wannan ba, kuma ba huruminta ba ne ta sani. Ita dai ta ci gaba da tilawa har ta kammala a farkon 2025. Da aka watse daga walima ta zo ta durƙusa gefensa ta ce, "Abba, saura dala." Shi ma abin da ke ransa ke nan, sai dai ba dala ɗaya suke nufi ba.

Su biyar ne: shi, da uwargidan da ke aikin akanta a wani asibiti, da yarinyar mai shekara goma sha ɗaya, da ƙaninta mai takwas, da autan da ke goye. Abin da suka tara, haɗe da kwasar adashen uwargidan, zai kai mutum biyu cikin walwala. Mutum biyar kuwa sai da dabara.

Daren farko ya zauna da wayarsa ya buɗe Google Flights, ya sa Kano zuwa Alƙahira, mutum ɗaya. Farashin bai tsorata shi ba. Ya ninka huɗu a takarda, ya ƙara ɗan abin da za a biya wa jariri, ya ga da ƙyar za a kai. Da ya koma ya sa adadin mutanensa na gaskiya, sai ya ga kuɗin kowace kujera ya ɗaga. Ya rufe, ya sake buɗewa, ya ari wayar matarsa, duk ɗaya. Washegari wani abokin aikinsa ya tabbatar masa cewa shafukan nan suna leƙen mutum ne, da zarar sun ga ya matsu sai su tsawwala.

Wannan zance ya yaɗu ƙwarai, amma akwai bayanin da ya fi shi sauƙi. Kujerun talakawa a jirgi iri ɗaya ne a ido, ba iri ɗaya ba ne a littafin kamfani. An kasa su rukuni-rukuni, kowane da harafinsa da farashinsa da sharuɗɗansa, kuma rukuni mafi arha kujeru kaɗan ake sa masa. A ce, misali, kujeru biyu suka rage a rukunin dala 500, na sama da shi kuma dala 620 ne. Mai neman kujera ɗaya zai ga 500. Mai neman huɗu a lokaci guda ba za a ba shi biyu a 500 biyu a 620 ba, domin na'urar tana sa duk waɗanda ke cikin rajista ɗaya a rukuni ɗaya. Sai ta ɗauke su duka ta kai 620. Tafiyar iyali ba tafiyar mutum ɗaya ce da aka ninka ba, kuma yawancin shawarwarin neman tikiti mai arha da ke yawo a intanet an rubuta su ne don mai jaka ɗaya a kafaɗa.

'Yan Najeriya sun ɗanɗani wannan tsari ta hanya mai ɗaci. A tsakiyar 2023 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce kuɗin tikitin da kamfanonin waje suka kasa fitarwa daga ƙasar ya haura dala miliyan 800. Martanin da yawansu shi ne rufe rukunonin masu arha ga duk mai saye daga Najeriya, har ya zama mai tashi daga Accra ko Kwatano yana biyan ƙasa da mai tashi daga Legas. Sai bayan da aka warware yawancin bashin a 2024 ƙananan rukunonin suka fara dawowa.

Da malamin ya gane haka, sai ya gwada raba iyalinsa biyu a bincike: shi da yarinyar, uwargidan da yaran biyu. Rabin farko ya faɗa rukuni mai sauƙi. Rangwamen ba na banza ba ne, amma yana da kuɗinsa. Rajista biyu a wajen kamfani tamkar iyali biyu ne. Idan aka soke jirgi, ana iya mayar da su jirage daban-daban. Ya yarda da hakan ne kawai bayan ya tabbatar kowane yaro yana tare da babba, kuma ya nemi a rubuta a kowace rajista cewa tare suke tafiya.

Abin da ya fi komai rage kuɗin ba shi ya gano shi ba. Yana ta jujjuya kalanda tsakanin Agusta da Disamba, uwargidan tana ninke kaya a gefe, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Malam, ka dai tuna waccan za ta cika sha biyu a tsakiyar Agusta." Ba ta kama sunanta, 'yar fari ce, amma ba ta taɓa manta ranar ba. A tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa kamfanoni da yawa suna karɓar wajen kashi 75 cikin ɗari na asalin kuɗin babba ga yaron da ke tsakanin shekara biyu da goma sha ɗaya, jaririn da bai kai biyu ba kuma, muddin a cinya zai zauna, wajen kashi 10. Daga ranar da yaro ya cika sha biyu babba ne. Wasu kamfanonin ranar tashi suke dubawa, wasu har ranar dawowa, don haka mai hankali yakan tafi ya dawo kafin ranar. Makaranta kuwa ba ta ba da dogon hutu sai ƙarshen Yuli. Duk faɗin shekara, ƙofar da ta rage musu ba ta wuce mako uku ba.

Ƙofar ta zo da zafi, a zahirin ma'anar kalmar. Alƙahira a watan Agusta tana yawan haura digiri 35, shi ya sa masu yawon buɗe ido daga Turai suka fi zuwa tsakanin Oktoba da Afrilu, farashin masauki kuma ya fi tashi a ƙarshen Disamba. Amma wanda ya sha watan Afrilu a Kano ba zafin Misira ne zai kore shi ba. Disamba ma tana da nata cikas a gida: hazo kan hana jirage tashi da sauka a filin Malam Aminu Kano.

Sai maganar hanya. EgyptAir na tashi kai tsaye daga Kano, tafiyar awa huɗu da ɗoriya, ko da yake ba kullum ba. Ana iya bi ta Addis Ababa ko Doha, wani lokaci a farashin da ya fi sauƙi, amma tafiyar takan ninka, ban da zaman jira a tsakani. Akwai kuma wanda ya fi duka kyau a allo: a hau jirgin cikin gida zuwa Abuja ko Legas da tikiti daban, a kama na waje daga can. Wani ejan da aka haɗa shi da shi ya dage a kan wannan. "Yallaɓai, awa uku ne tsakani, ai ya isa." Duk wanda ya taɓa kwana a kan kujerar filin jirgi yana jiran jirgin cikin gida ya san nauyin wannan magana. Idan tikiti ɗaya ne aka yi jinkiri, alhakin kamfani ne ya kai fasinja inda za shi. Idan biyu ne, jirgi na biyu bai san da na farko ba. Wanda ya makara ya yi asarar kuɗinsa, kuma sau da yawa har da na dawowa, domin rashin hawa zangon farko kan soke sauran. Ga iyalin da ya tara kuɗin nan shekara biyu, wannan ba rangwame ba ne, caca ce. Suka ɗauki na kai tsaye, a tsakiyar mako, suka biya bambancin. Sun kuma duba nauyin kayan da aka yarda wa kowa kafin su kwatanta farashi, domin tikitin da ba ya ɗauke da akwati ba a san kuɗinsa ba sai an je gaban sikeli.

Biyan kuɗin ma sai da ya zama aiki. A watannin da suke wannan shiri katunan naira na yawancin bankuna ba sa aiki a shafukan ƙasashen waje, sai mai asusun dala. Ta hannun wani ejan daban, mai ofis da lasisi, suka biya da naira, kuma malamin bai bar ofishin ba sai da ya shigar da lambar rajistar a shafin kamfanin jirgin ya ga lambar tikiti ta fito gaban kowane suna. Takardar ajiyar kujera daban, tikiti daban, kuma mutane da yawa a bakin kanta suka fara sanin haka. Takardar ajiyar dai ta yi nata amfanin tun da farko: da ita, da shaidar masaukin da ake iya sokewa kyauta, suka nemi biza, ba su saki kuɗin da ba ya dawowa ba sai da fasfo suka fito.

Masauki ya zo da irin matsalar jirgi a wata siga. Ɗakin otal na yau da kullum na manya biyu ne, a ƙara yaro ɗaya in an yi sa'a. Mutum biyar ɗaki biyu ke nan, ko da wane farashi aka gani a Booking.com. Wani lokaci kuma adadin da ke saman shafi bai haɗa da harajin kashi 14 da kuɗin hidima ba, sai a ƙasa cikin ƙananan haruffa. Idon malamin ya fara sauka ne a kan ƙananan masaukan Giza, masu arha, masu rufin da ake shan shayi a kai ana kallon dala. Ɗan yayansa da ke karatu a Azhar ya yi dariya a waya. "Kawu, dala wuni ɗaya ce. Sauran kwanakin a cikin mota za ku yi su." Gaskiya ya faɗa. Azhar da Khan al-Khalili da tsohon birnin suna gabashin Nilu, Giza tana yamma, tsakaninsu kuma cunkoson da ba a yi wa alkawarin lokaci. Abin da aka rage a ɗaki zai tafi a tasi, tare da haƙurin jariri.

Yaron ne ya samo musu gida mai ɗaki biyu da kicin a Madinatu Nasr, unguwar da ɗaliban Afirka ta Yamma suka daɗe suna zama, ya je ya kunna na'urar sanyaya ɗaki da hannunsa, ya hau lif ya sauka, ya buɗe famfo. Wannan ya fi duk taurarin da ke shafi. Kicin ɗin ya biya kansa tun kwana na biyu, lokacin da ɗan shekara takwas ya ɗanɗana koshari ya ture kwano. Uwargidan ta zo da garin tuwo da kuka da yaji a akwati, abin da maigidan ya yi mata tsiya a kai a Kano. Safiya kuwa ful da ta'amiyya da burodin baladi sun ishe su da kuɗi kaɗan. A nan ne kaɗai canji ya yi musu adalci: fam ɗin Misira ma ya faɗi a watan Maris na 2024, daga wajen 31 zuwa kusan 50 a kan dala, don haka talaka ya sauka gidan talaka.

Duk da wannan ƙoƙari lissafi bai cike ba sai da aka yanke. Kwana goman da aka yi niyya suka koma shida. Iskandariyya ta fita daga tsari, tsarabar dangi ta koma dabino da carbi, gyaran motar gida kuma aka ɗaga shi zuwa bayan damina. Bashi ne dai ba su ci ba, wanda shi ne sharaɗin da uwargidan ta gindaya tun daren farko.

Sun je Giza da sassafe, kafin rana ta buɗe. Yarinyar ta tsaya gaban babbar dalar ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta tambaya ko dalar gyaɗar da kakanta ke ba da labari ta kai haka. Azhar suka bari sai ranar ƙarshe, bayan la'asar. Ta zauna a farfajiyar farin marmara ta karanta shafi biyu a hankali, uwarta na nesa kaɗan tana yi kamar jaririn take kallo.

Kwana uku bayan sun sauka Kano ta cika shekara goma sha biyu. A daren ne ƙaninta, wanda ya shiga izu na biyar, ya zo ya tsaya a bakin ƙofar falo ya ce, "Abba, ni kuma ina za mu?" Malamin ya dubi matarsa. Ita kuwa ta riga ta fara ƙirga shekarun autan a yatsunta.