Ƙauyen Ɓauna a Ƙasar Tailan

Da wuya a sami gida a ƙasarmu inda ba a taɓa dafa shinkafar Tailan ba. Shekaru da yawa buhunanta sun cika kasuwanninmu, har yaranmu sun san sunan ƙasar tun ba su san inda take a taswira ba. Amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa tambaya ko su wane ne suke noma ta. Da Allah ya buɗe mana hanya muka je Tailan tare da 'ya'yanmu uku, sai muka ware rana guda domin mu ga gona da idonmu.

Daga Bankok, babban birnin ƙasar, muka nufi arewa maso yamma zuwa lardin Suphan Buri. Tafiyar kamar awa biyu ce a mota. Ƙasar shimfiɗe take kamar tabarma, babu dutse, babu tudu. Dama da hagu shinkafa ce kore shar, da hanyoyin ruwa, da balbelu suna kiwo. Kogin Tha Chin ya ratsa lardin, ga kuma ruwan da ake rabawa daga madatsar Chai Nat wadda aka gama a 1957. Saboda haka manoman wurin sukan noma shinkafa sau biyu a shekara, waɗansu har sau uku.

Inda muka nufa yana gundumar Si Prachan. Ana ce da shi Ban Khwai, watau Ƙauyen Ɓauna. An buɗe shi a 2002 domin a nuna wa mutane yadda manoman dā suke zama. Kada mai karatu ya ɗauka irin ɓaunar dajinmu ce mai faɗa. Wannan ta gida ce, baƙa, mai manyan ƙahoni a lanƙwashe, ga ta da haƙuri har ƙaramin yaro yana jan ta da igiya. Akwai kuma farare masu jan fata. 'Yar autarmu ta ɓuya a bayan uwarta da fari, amma da ta ga dabbar tana karɓar ciyawa a hannun wanta, sai ta ce, "Mama, ni ma a ba ni."

Gidajen ƙauyen na katako ne, an ɗaga su bisa dogayen ginshiƙai saboda ambaliya. Mutane suna kwana a sama, ƙarƙashi kuwa wurin hutawa ne da ajiyar kayan aiki. Muka ga rumbu, da lauje, da faifai, da karkiya, da garmar itace mai bakin ƙarfe. Muka ga wani turmi da ake daka da ƙafa: a taka gindin dogon itace, taɓarya ta tashi, a saki ta faɗa. Uwargida ta duba kayan nan ta yi dariya, ta ce yawancinsu suna nan a gidan kakarta.

Daga nan aka kai mu bakin fadama. Wani dattijo ya ɗaura wa ɓauna garma, suka shiga taɓo har gwiwa. Kofatonta faɗi gare shi, ba ta nutsewa. Mai yi mana fassara ya bayyana cewa ɓauna ba ta yin zufa sosai, don haka da safe da yamma take aiki, da rana kuwa dole a bar ta ta kwanta cikin ruwa. Bayan huɗa, sai a tuge tsiron shinkafa wanda ya yi kamar wata guda, a dasa shi da hannu, mutum yana sunkuye yana ja da baya. A dā, in aikin ya yi yawa, maƙwabta sukan taru su taimaki juna, mai gona ya ba su abinci. Suna kiran wannan long khaek. Mu kuwa gayya muke ce masa.

Babban ɗanmu ya tuɓe takalmi ya shiga ya gwada dashe. Shi ne wanda yakan ɓata rai in an ce hutu ya zo, a tafi ƙauye a taya kaka noma. Bai cika layi biyu ba ya miƙe yana riƙe da ƙugu. Ya ce, "Baba, duk shinkafar da muke ci haka ake yi mata?" Aka gaya masa wannan somawa ce kawai, da sauran cire ciyawa, da korar tsuntsaye, da yanka, da bugu, da sheƙa, da casa. Ya yi shiru. Da aka kawo abincin rana, bai bar ko ƙwaya a kwano ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne baƙin da muka tarar. Mun zaci Turawa za mu gani. Ashe yawancinsu 'yan ƙasar ne, iyaye da 'yan makaranta daga birni, sun biya kuɗin shiga domin su ga abin da kakanninsu suka yi kowace damina. Wajen 1980 akwai ɓauna kusan miliyan 6 a Tailan. Shekara ashirin bayan haka ba su kai miliyan 2 ba. Ƙaramar tarakta mai ƙafa biyu ce ta karɓe aikin, har suna kiranta ɓaunar ƙarfe. Yanzu a wannan yanki yawancin manoma watsa iri suke yi maimakon dashe, inji kuma ke girbi.

Ba mu ce inji mugun abu ba ne. Ya rage wahala, ya ƙara amfani. Amma ɓauna ciyawa take ci, ta ba da taki, ta kuma haihu. Inji mai yake sha, taki kuma sai an saya, manoma da yawa kuwa sun shiga bashi. Samari suna tafiya birni neman aiki, tsofaffi ne suka ragu a gona. Cikin tsara guda, sanin da aka gada daga kaka da kakanni ya koma abin kallo.

Duk da haka mutanen Tailan suna girmama shinkafa ƙwarai. A harshensu, cin abinci shi ne kin khao, watau cin shinkafa. Yadda muke tambayar gajiya, haka su suke tambaya ko mutum ya ci shinkafa. Kowace shekara a watan Mayu ana bikin huɗar sarki a filin Sanam Luang a Bankok. Manoma kuma sukan kai baiko ga Mae Phosop, wadda suke ɗauka ita ce uwar shinkafa. Fiye da mutum 90 cikin 100 mabiya addinin Buda ne. Bishara ta bakin 'yan mishan na Furotesta ta iso Bankok tun 1828, amma har yanzu Kirista ba su wuce kamar mutum ɗaya cikin ɗari ba. Muka tuna da jawabin Bulus a Listira cikin Ayyukan Manzanni sura 14, inda ya nuna cewa ruwan sama da albarkar kaka shaida ce ta Allah mai rai ga dukan al'ummai. Mutanen nan sun san godiya ta wajaba. Saura su san Wanda ya cancanci a gode wa.

Ya ku iyaye, mu fa? Yara nawa ne a gidajenmu na birni suka iya bambanta tsiron gero da na dawa? Da yawa suna ganin noma aikin wanda bai yi boko ba ne, alhali kuwa aikin farko da Allah ya ba Adamu shi ne lura da gona. Dokar Musa ta hana a ɗaure bakin sa yana sussuka, Karin Magana kuma ta ce a san adali ta wurin kula da dabbarsa. In Ubangiji ya damu da sa mai aiki, ashe bai kamata 'ya'yanmu su rena manomi ba.

In hutun damina ya zo, mu tura su ƙauye. Mu ba su fartanya da 'yar kunya tasu ko a bayan gida ne. In ranar godiyar kaka ta zo a ikkilisiya, bari yaro ya kawo abin da hannunsa ya shuka. Sa'ad da kuka zauna cin abinci kuma, ku sa manoman Tailan da 'yan'uwanmu masu bi na can cikin addu'a.