Wuƙa Biyu, Kaifi Ɗaya

A ƙasar Hausa ciyawa abincin dabba ce. Akan yanke ta da lauje, a ɗaure dami dami, a kai kasuwa ko kuwa a ajiye bisa rumfa saboda rani. A Ingila kuwa akwai wata ciyawa dabam wadda ba don dabba ake shuka ta ba. Ana shuka ta a ƙofar gida da filayen wasa, a yi ta aske ta har ta kwanta lif kamar darduma, domin manya su taka, yara su yi birgima a kai. Tun da yake ruwan sama ba ya wuya a can, ciyawar takan yi ta tsiro watanni da yawa a shekara, mai gida kuwa ba ya hutawa da aski.

Saboda wannan aiki aka ƙera wani keke wanda ba ya shan fetur, ba ruwansa da lantarki. Mutum ne yake tura shi da ƙarfinsa. A yau irin waɗannan kekuna suna zube a bayan gidaje, tsatsa ta cinye musu fenti, masu su kuwa suna cewa sun mutu. Da yawa a cikinsu da sauran ransu. Abin da ya same su shi ne wuƙaƙensu sun daina haɗuwa daidai, waɗanda suka san yadda ake sāke haɗa su kuwa sun ragu.

Kafin keken ya zo, da wani babban lauje mai doguwar ƙota ake yin askin. Aiki ne na gwanaye, akan kuma fara shi da sassafe sa'ad da raɓa take kan ciyawa. Sai mai dukiya ne yake iya biyan irin waɗannan ma'aikata. A shekarar 1830 wani maƙerin injuna mai suna Edwin Budding, mutumin yankin Stroud a yammacin Ingila, ya karɓi takardar shaidar ƙirƙira ta keken yankan ciyawa. Yankin nasu wurin masaƙu ne. A masaƙun akwai wani inji mai wuƙaƙe a murɗe wanda yake aske gashin da yake tashi a kan yadin ulu domin yadin ya yi sumul. Budding ya duba injin, ya ga cewa abin da yake aske yadi zai iya aske fili. Ya haɗa kai da John Ferrabee, mai wata maƙera a ƙauyen Thrupp, suka fara ƙerawa. Faɗin keken farko inci 19 ne, wato wajen santimita 48. Ana ba da labari cewa da dare Budding yake gwada shi don kada maƙwabta su ce ya zautu.

Ba a daɗe ba abin ya karɓu. A 1831 gidan namun daji na birnin Landan ya fara aiki da ɗaya, shugaban masu lambun kuwa ya shaida cewa keken yana yin aikin mutum shida ko takwas masu lauje. A 1832 kamfanin Ransomes na garin Ipswich ya sami izinin ƙera shi. Budding ya rasu a 1846, amma aikin bai tsaya ba. Aka yi manya waɗanda doki yake ja, ana sa wa dokin takalman fata domin kada kofato ya tone ciyawar. A 1859 Thomas Green na garin Leeds ya fito da wani mai sarƙa, wanda bai kai na dā ƙara ba, ya ba shi suna Silens Messor, wato mai yanka shiru da harshen Latin. A 1902 Ransomes ya fara sayar da mai injin fetur. Wasannin da ake yi bisa gajeriyar ciyawa, irin su tanis da kurket da ƙwallon ƙafa, duk sun ci moriyar wannan keke.

In mai karatu yana so ya gane yadda keken yake yanka, sai ya tuna da almakashin tela. A gaban keken akwai wata ganga wadda ba ta da bango, sai dogayen wuƙaƙe kamar biyar ko shida a murɗe kewaye da sandar tsakiya. A ƙarƙashinta akwai wata miƙaƙƙiyar wuƙa guda, a kwance, ba ta motsi. Sa'ad da aka tura keken, ƙafafunsa sukan juya gangar ta wurin haƙoran ƙarfe. Kowace wuƙar ganga takan tattaro ciyawa ta kawo ta bakin wuƙar ƙasa, su datse ta a tsakaninsu. Murɗewar da aka yi musu ita take sa yankan ya bi daga wannan gefe zuwa wancan, kamar yadda bakin almakashi yake rufewa daga gindi zuwa tsini.

In an taɓa wuƙar ganga da yatsa, ba za a ji ta kamar askar wanzami ba. Bakinta mai kusurwa ne, da kauri. Ita kaɗai ba ta iya yanka kome, haka ma wuƙar ƙasa. Kaifin yana wurin haɗuwarsu. In suka yi nesa da juna ko da kaurin takarda biyu ne, ciyawar takan lanƙwashe ta wuce, ko kuwa a tauna ta. In aka matse su fiye da kima, sai su ci juna, keken ya yi nauyin turawa, ƙarfe ya yi ta ƙarewa a banza.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani irin inji ya bazu, mai wuƙa guda wadda take juyawa a kwance da gudu ƙwarai, tana sare ciyawa kamar adda. Yana da sauri, ba ya tsoron doguwar ciyawa, wuƙarsa kuwa kowa yana iya wasa ta da magagari. Saboda haka gidaje da yawa suka jingine tsohon keke. Amma sara dabam, yanka dabam. Wuƙar da take sara, musamman in ta dakushe, takan yayyage bakin ganye, bayan kwana biyu sai a ga kan ciyawar ya yi fari ya bushe. Almakashi kuwa yakan bar baki mai tsabta wanda yake warkewa da wuri. Shi ya sa filayen da ake ji da su ba su rabu da ganga ba. A filin tanis na Wimbledon, inda aka fara gasa a 1877, milimita 8 ne tsawon ciyawar lokacin gasa, da injuna masu ganga kuma ake aske ta.

To, a ce mutum ya gāji irin wannan keke, ya tarar da shi a ɗakin ajiya, ganga ta ƙi juyawa. Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai ɗora shi a sikeli ya biya kuɗin nauyinsa kawai. Mai gyara kuwa yakan fara da dubawa. Yana neman tsaga a jikin keken, gama yawancin tsofaffin an yi su da ƙarfen zubi, wanda yake da nauyi amma ba ya lanƙwasa, sai dai ya fashe. Saboda wannan ba a fara aikin da guduma. Akan ɗiga mai ko kananzir a kan kowane noti, a bar shi ya kwana, wani lokaci har kwanaki, sa'an nan a gwada shi a hankali. A nan ne mai haƙuri yakan dafa dutse.

Notin ma da nasa sha'ani. Tsofaffin kekunan Ingila an ɗaure su da noti irin na ma'aunin da Joseph Whitworth ya tsara a 1841, wanda bai dace da sufana mai awon milimita ba. In an tilasta, sufanar takan zame ta cinye kusurwar notin. Mai gyara yakan nemi sufanar da ta dace, ko kuwa irin wadda ake buɗa bakinta a rage. Abin sha'awa, ita ma wannan ana danganta ƙirƙirarta ga Budding.

Sa'ad da yake kwancewa, yakan jera kome bi da bi, na dama dabam, na hagu dabam, gama ƙananan haƙoran da suke cikin ƙafafu biyu sun yi kama amma ba ɗaya suke ba. In aka musanya su, gangar ba za ta juya gaba ba. Yakan wanke tsohon giris da ya daskare, ya kankare tsatsa da burushin waya, ya duba boris ɗin da gangar take juyawa a kai. Wannan dubawa tana gaba da kome, domin gangar da take rawa a mazauninta ba za ta taɓa haɗuwa da wuƙar ƙasa daidai ba, kome yawan wasawa. Yakan kuma yi hattara da ƙurar tsohon fenti, gama fentin dā yakan ƙunshi dalma, ita kuwa guba ce ga jiki.

Sa'an nan a zo ga wasawa. Wanda bai sani ba yakan ɗauki magagari ya bi wuƙaƙen ɗaya ɗaya, kamar yadda ake wasa adda. Da haka kekuna masu yawa suka lalace. Hannu ba ya iya cin ƙarfe daidai wa daida a kan wuƙa shida, sai wata ta yi tsawo, wata ta gajarta. Doguwar za ta riƙa dukan wuƙar ƙasa, gajeriyar kuwa ba za ta kai ba.

Hanyar masu sani ita ce a bar wuƙaƙen su wasa juna. Mai gyara yakan ɗora keken bisa tebur, ya cire ƙafa guda, ya sa mariƙi a sandar ganga. Yakan juya kusoshin da suke gefe biyu har wuƙar ƙasa ta taɓa gangar kaɗan. Sai ya kawo wani maiko mai garin dutse a ciki, irin wanda makanikai suke wasa bawul ɗin mota da shi, ya shafa a bakin kowace wuƙa da burushi mai dogon hannu, gama yatsan da ya shiga tsakanin ganga da wuƙar ƙasa ba ya fitowa lafiya. Sa'an nan ya fara juya gangar da baya. In aka juya ta gaba, wuƙaƙen za su share maikon su ciji juna. Da baya kuwa maikon yakan shiga tsakani, ya ci kowane gefe kaɗan kaɗan, har bakin wannan ya ɗauki siffar bakin wancan.

Kunne ne yake faɗa wa mai gyara inda aikin ya kai. Da fari ƙarar takan yi kaushi kamar ana niƙa tsakuwa. In ta yi laushi, sai ya ƙara maiko, ya ɗan matse kusoshin, na dama da na hagu daidai, kada gangar ta ci a gefe ɗaya. Yakan fara da maiko mai kaushi, ya ƙare da mai laushi. Sa'ad da ya ga siririn layi mai ƙyalli a bakin kowace wuƙa daga wannan kai zuwa wancan, sai ya tsaya. Yakan wanke maikon sarai, gama ɗan abin da ya rage zai ci gaba da cin ƙarfe sa'ad da keken yake aiki.

Gwajin ƙarshe da takarda ake yinsa. Akan yanko ƴar siririyar takardar jarida, a sa a bakin wuƙar ƙasa, a juya gangar da hannu sannu sannu. In ta yanke takardar tsaf, da kyau. In ta ninke ta, da saura. Ana gwada kowace wuƙa a dama, a tsakiya, da hagu. Wuƙa shida ke nan sau uku, gwaji 18, mai gyaran kirki kuwa ba ya tsallake ko ɗaya.

Wannan hanya tana da iyaka. In dutse ya ɓantare bakin wuƙa da zurfi, ko ganga ta ci ta karkace, maiko ba zai isa ba. Sai a kai ta wurin masu injin wasawa wanda yake mayar da ita da'ira sosai, wuƙar ƙasa kuma a canza ta in ta ƙare. Keken kansa ma ba na kowane fili ba ne. Ba ya iya doguwar ciyawa ko kara, sai ya kwantar da su ya wuce. Yana son a riƙa aski a kai a kai, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawar a lokaci guda. Wanda yake da babban fili mai duwatsu ba shi da laifi in ya nemi wani inji.

Duk da haka akwai waɗanda suka ƙi barin sanin ya ɓace. A 1990 aka kafa wata ƙungiya a Ingila mai suna Old Lawnmower Club, inda masu tsofaffin kekuna suke taimakon juna da kayan gyara da shawara. A garin Southport akwai gidan tarihi na injunan yankan ciyawa kaɗai, a Stroud kuma gidan tarihin garin yana ajiye da ɗaya daga cikin kekunan farko. Amma gidan tarihi ƙarfe yake iya ajiyewa. Kunnen da yake gane ƙarar maiko, da hannun da ya san inda zai daina matse kusa, ba sa zama a cikin akwatin gilashi. Sai in wani ya tsaya kusa da wani ya koya.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Keken da aka ƙera shekara ɗari da suka wuce yana iya aske fili a yau, ba hayaƙi, ba ƙara sai ɗan sautin wuƙa tana shafar wuƙa. Kafin a ɗora irinsa a sikelin mai sayen ƙarfe, ya kamata a sa ƴar takarda a bakinsa a gani. Sau da yawa ƙarfen lafiya lau yake. Tsakanin wuƙaƙen ne ya buɗe, wannan kuwa abu ne da maiko da haƙurin yini guda suke iya rufewa.