Littafin mutum biyu

1/ Jiya ƙungiyarmu ta karatu ta yi zaman ƙarshen shekara, kowa ya faɗi littafin da ya fi burge shi bana. Yawanci na Wattpad aka ambata. Ni na ce Jiki Magayi, aka kwashe da dariya, wai na koma sakandare.

2/ Ban faɗi dalilina ba. Littafin nan mutum biyu suka rubuta shi, John Tafida da Rupert East, tun shekarun 1930. Sau biyu na karanta ina laluben inda hannu ya canza. Wallahi ban gano ba.

3/ Ni da ƙawata mun fara littafin haɗaka bayan ƙaramar Sallah, ita babi ni babi. A babi na 14 ta kashe min jarumi, ko shawara babu, ta tura wa masu karatu. Wata biyar ke nan ba ma magana. A kan mutumin da babu shi fa!

4/ Da na dawo gida na sake karanta babin nata. Gaskiya mutuwar ta yi kyau, har ƙwalla na yi. Na rubuta na 15, jana'izarsa. Yana nan cikin wayata, ban tura mata ba tukuna.