Sanyin Agusta a Jos

Da hantsi muka baro Kano, muka bi ta Zariya, muka karya ta Pambeguwa zuwa Saminaka. Ɗiyar yayata ce ta kammala karatu, za mu bikin yaye ɗalibai. Muna wuce Jengre mota ta fara nishin hawan tudu, direba ya ce a ɗaga gilashi. Goggo ta ce, "Kai ɗan nan, sanyi a Agusta?" Murmushi kawai ya yi.

Mu a Kano sanyi na hunturu ne, ya zo da hazo da kaushi ya tafi. Na Jos da damina wani abu ne daban. Garin na zaune a tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga doron teku, Kano kuwa ba ta wuce 500 ba, kuma duk mita 1,000 da aka hau zafi kan ragu da kusan digiri 6. Ga hadari ya rufe rana, ga yayyafin da ba ya ɗaukewa.

Washegari a fili aka yi taron, ƙarƙashin rumfunan tamfol. Na ci ado da shadda mai sitaci, iska na ratsa ta kamar rariya. Kujerun roba duk sun jiƙe, kowa sai ya goge da hankici kafin ya zauna. 'Yan gari kuwa sun san garinsu: suwaita a ƙarƙashin kaftani, ga safa. Ɗalibai su suka more, doguwar rigar nan tasu mai nauyi ta yi musu rana.

Jawabai suka ƙi ƙarewa. Goggo ta ja mayafi har hanci, haƙora na haɗuwa, ta ce, "Wai sai yaushe za a kira yarinyar nan?" Tafin da ake ta yi ma, ina zargin rabinsa na ɗumama hannu ne.

Mai shayin bakin ƙofa ya yi ciniki ranar, har kofuna suka yi masa kaɗan. Shi ya ce mini, "Alhaji, ka leƙa kasuwar Katako, akwai gwanjo." Na tare Keke Napep, na dawo da suwaita biyu, ja da ruwan toka. Goggo ta zaɓi mai ruwan tokar. Shi ya sa duk hotunan bikin za ka gan ni da jar suwaita a kan shadda.