Albashi ko wasan da nake ƙerawa?

A gidajenmu na nan Bronx sana'o'in da ake kira aiki ba su wuce uku ba: likita, lauya, injiniya. In an yi maka sassauci sai a ƙara da nas ko akanta. Duk abin da ya fita daga wannan layi sunansa shiririta har sai ya fara biyan kuɗin haya. To ni kuwa, a shekarata ta ƙarshe a jami'a, abin da ke cin darena shi ne ƙera wasan kwamfuta. Kun ga matsalar tun daga sunan, don da Hausa babu yadda za ka faɗe shi kalmar "wasa" ba ta fito ba. Ran da na yi wa Baba bayani, sai ya dube ni ya ce, "Kai yaro, shekara ashirin da biyar ina tuƙa tasi don ka gama karatu ka yi wasa?"

Wasan nawa labarin fatake ne. Kai ne madugu, ka ɗauko ayari daga Kano da kanwa da tufafin rini da fatu, ka bi ta ƙasar Borgu, ka nufi Salaga a ƙasar Gonja don sayo goro, kamar yadda aka yi a ƙarni na 19. Kana lissafin guzuri, kana biyan fito a bakin kogi, kana sasanta faɗan 'yan ayari, in an sauka zango kuma a buga dara. Kakannin Baba ta wannan hanya suka isa Gana, shi ya sa abin ya shiga raina. Shekara biyu ke nan ina yin sa, yawanci bayan sallar isha'i, wani lokaci ma a cikin jirgin ƙasa mai lamba 4 daga tashar Fordham Road, kwamfuta a kan cinya.

Sai ga shi wani kamfanin inshora ya ba ni aikin rubuta manhaja, albashi mai kyau, da inshorar lafiya, da hutu. Suka ce in ba su amsa cikin mako biyu.

Duk mai son ya bar aiki ya rungumi wannan harka, sunan da zai fara kawo maka shi ne Eric Barone. Ya gama karatun kwamfuta a 2011, bai samu aiki ba, ya zauna shi kaɗai shekara huɗu da rabi yana yin Stardew Valley: zane, kiɗa, labari, manhaja, duk da hannunsa. Wasan ya fito a Fabrairun 2016, kafin ƙarshen 2024 an sayar da fiye da miliyan 41. Madalla. Amma abin da masu ba da labarin ke tsallakewa shi ne, a tsawon shekarun nan yana aikin wucin gadi na nuna wa 'yan kallo kujeru a wani gidan wasan kwaikwayo a Seattle, budurwarsa kuma ita ta ɗauki mafi yawan ɗawainiyar gida. Wato akwai wanda ya riƙe masa tukunya. Ni wa zai riƙe min? Maman da ke kwana tana jinyar tsofaffi a gidajen mutane?

Na zauna na yi lissafi irin na 'yan kasuwar titin Fordham, waɗanda ba sa yarda da kowace magana sai sun ga lamba. Kasuwar Steam, inda akasarin irin waɗannan wasanni ke fita, tana karɓar dala 100 kafin ka ɗora wasa, sannan ta ɗauki kashi 30 cikin 100 na kowane ciniki. In na sa wa nawa dala 15, dala 10 da rabi ce za ta zo hannuna. Kafin in haɗa dala 40,000, kuɗin da a New York ba su kai ka ɗaga kafaɗa ba, sai na sayar da kusan 3,800, kuma ba tare da na taɓa rage farashi ba, alhali yawancin masu saye jiran rangwame suke yi. Daga ciki kuma akwai harajin mai zaman kansa na kashi 15.3 cikin 100, ban da harajin tarayya da na jiha da na birni. A 2024 kaɗai wasanni fiye da 18,000 suka fito a Steam, kusan 50 kullum. Ayarina na jakuna zai shiga wannan cunkoso ne ya ce a kalle shi.

Ga kuma maganar asibiti, wadda 'yan uwanmu na gida ba sa ganewa in muna waya. Dokar 2010 ta ba ka damar zama a kan inshorar iyayenka har shekara 26. Da kyau, in iyayen suna da irin wannan inshora. Direban tasi shi ma mai zaman kansa ne. Bashin karatu na gwamnati kuwa wata shida yake ba ka bayan ka gama, daga nan sai ya fara ƙwanƙwasa ƙofa.

Wani abokina ya ce to in nemi aiki a babban kamfanin wasanni mana, tunda Rockstar da Take-Two suna nan Manhattan, in samu albashi da abin da nake so a wuri guda. Na yi dariya. A Satumbar 2023 Epic Games ta sallami mutum kusan 830. A Janairun 2024 Microsoft ta sallami 1,900 daga sashen wasanninta, wata uku bayan ta kammala sayen Activision Blizzard, Riot kuma ta sallami 530 a wannan watan. Mutanen da suka yi abin da iyaye ke so ne fa, suka nemi aiki mai ofis da kati a wuya.

Wanda ya fi burge ni ba Barone ba ne, wani ɗan garin nan ne, Dave Gilbert. A 2006 ya fitar da ɗan ƙaramin wasa mai suna The Shivah, labarin wani limamin Yahudawa a New York da majami'arsa ke neman durƙushewa. Bai yi ƙoƙarin burge duniya gaba ɗaya ba, mutanensa da unguwarsa ya zuba a ciki, daga nan ya kafa Wadjet Eye Games, ya yi ta fitar da ƙananan wasanni ɗaya bayan ɗaya. A Kamaru ma Olivier Madiba da 'yan Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016, ana ɗauke musu wuta suna ci gaba. A Gana akwai Leti Arts tun 2009, a Legas akwai Maliyo tun 2012. Ni dai ban taɓa buga wasan da na ji ana cewa "sannu da zuwa, madugu" a ciki ba, kuma wallahi wannan kaɗai ya ishe ni dalili.

Da na kai wa Kawu maganar a shagonsa, bai yi min faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, ni ma da na zo ƙasar nan ba shago na buɗe ba. Shekara bakwai ina wanke mota, Asabar da Lahadi in shimfiɗa tebur in sayar da huluna." Ya ƙara da cewa a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, amma kuma ba a sakin reshe a kama ganye. Na ce, "Kawu, ai karin maganar nan biyu faɗa suke da juna." Ya ce shi ya sa ake kiran abin kasuwa.

Na karɓi aikin. Amma kafin in sa hannu na karanta takardar sau uku, don kamfanoni da yawa suna cusa sharaɗin cewa duk abin da ka ƙirƙira kana ma'aikacinsu nasu ne. A Satumbar 2023 jihar New York ta yi dokar da ta hana tilasta irin wannan sharaɗi a kan abin da ka ƙirƙira a lokacinka, da kayanka, muddin bai shafi harkar kamfanin ba. Duk da haka na nemi a rubuta sunan wasan a takardar a matsayin abin da na zo da shi, aka rubuta. Kuma ba zan taɓa buɗe shi a kwamfutar ofis ba, ko da minti ɗaya. Manhajar Godot nake amfani da ita, wadda kyauta ce kuma ba mallakin wani kamfani ba, tun bayan da Unity ta ce a 2023 za ta riƙa cajin kuɗi a kan kowace saukarwa, ta kuma janye a 2024.

Ban ce wannan ya fi ba. Wanda ya yini awa takwas yana kallon allo ba kullum yake da ƙarfin buɗe wani da dare ba, kuma na san waɗanda suka ce "sai na tara kuɗin shekara biyu", yau suna da mota da yara uku. Abin da na tsara shi ne awa ɗaya bayan asuba, da ranar Lahadi gaba ɗaya. Baba har yanzu "wasan naka" yake cewa, amma makon jiya ya gyara min taswira, ya ce ayari ba ya kwana nesa da ruwa.

Yanzu haka fatakena suna tsaye a bakin Kwara, sun kasa hayewa, don ban iya zana jaki a cikin kwalekwale ba. In akwai mai zane a cikinku, a Bronx ko Kumasi ko Maradi, ya neme ni ta hannun editocin mujallar nan. Babu albashi tukuna, amma akwai kaso a rubuce.