Lambar Jikin Kwali Ta Ci Kuɗinmu

Mu uku ne muke kiɗan fiyano a bukukuwa a nan Safana. Damina guda muka yi muna ƙwadagon gona, muka tara kuɗi, muka tafi Katsina sayen amfilifaya. Da muka ga wadda aka rubuta wat 2000 a kwalinta, ko gwadawa ba mu yi ba muka biya.

A bikinmu na farko da ita, a Runka, fili ya cika, muka ƙara murya. Sai sauti ya dinga tsagewa kamar ana buga fasasshiyar ƙwarya. 'Yan rawa suka watse, uwar biki ta ba mu rabin kuɗi.

Wani mai gyaran rediyo ne ya juya bayanta ya nuna mana: "Samari, lambar RMS ake dubawa, ita ce ƙarfin da za ta riƙe har a tashi wasa. Taku wat 30 ce. Waccan babbar lambar, talla ce."

Da asara muka sayar da ita, yanzu muna sake tari. Wannan karon da fiyanonmu za mu shiga shagon, mu danna maɓallan hagu masu kaurin sauti, mu ƙure murya mu saurara. Kuma sai mai batir, wadda babur zai iya ɗauka.