Injin Ajiya

A ƙarƙashin wata rumfar kwano a Kirikasamma akwai wata farar Peugeot 504 da mutanen gari ke kira Fijon Hedimasta, ko da yake hedimastan da ya saye ta ya daɗe da rasuwa. Ɗansa ne ke riƙe da ita, shi ma malamin makaranta da ya kusa ritaya. Bayan girbin shinkafa, bakanikensa na Haɗeja ya kira shi da albishir: an ga injin irin motar a Kano, gyararre, an yi masa fenti. "Malam, ka saya ka ajiye," in ji shi. "Irinsa ba ya dawowa."

Maganar na da ƙamshin gaskiya. A 1968 aka fara ƙera 504 a Faransa, a 1975 kuma kamfanin PAN ya soma harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna. Faransa ta daina yin ƙaramar 504 a 1983, Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000, sannan ita ma ta tsaya. Duk injin da ke kasuwa yau daga cikin wata tsohuwar mota aka ciro shi, kuma tsofaffin ƙarewa suke yi. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kayan gyara sai hawa. Wanda ya jinkirta bara ya ga sakayya bana.

Ga kuma ruwa. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya tafiyar Kogin Haɗeja, kachala ta toshe magudanai, ruwan da ya rasa hanya yakan bi gonaki da tituna. A ambaliyar 2022 Malam ya ga motoci sun mutu a tsakiyar hanya. Idan inji ya shaƙi ruwa ta mashigar iska yana cikin aiki, fistin zai taso ya tarar da abin da ba ya matsuwa, sai sandar da ke tura shi ta lanƙwashe, wani lokaci ma ta fasa gangar injin. Minti ɗaya ya isa. Mai tsohuwar mota a wannan fadama ba za a kira shi matsoraci ba don ya yi tunanin safaya.

Sai dai kalmar "gyararre" buhu ce da ake zuba abubuwa uku a ciki. A Turai akwai masana'antun da ke wargaza inji gaba ɗaya, su auna kowane ƙarfe, su sauya duk abin da ya ci, su gwada shi, su ba da takardar garanti. Akwai aikin bakanike nagari, wanda ya sauke inji ya sauya zobba da gaskit da abin da idonsa ya gani. Akwai kuma wanda aka wanke da fetur aka fesa wa fenti. Daga waje dukkansu ƙyalli ɗaya suke yi, kuma na ukun ya fi saurin ɗaukar ido.

Abin da ya fi tsaya wa Malam a rai shi ne garanti. A kasuwar kayan mota garantin 'yan kwanaki ne: ka ɗora, ka tayar, in ya yi hayaƙi ko ƙara ka dawo da shi. Wannan tsari ya dace da wanda motarsa ke kwance. Mai sayen ajiya kuwa garantinsa zai ƙare injin na kan katako, bai taɓa jin muryarsa ba. Ranar da zai gane abin da ya saya ita ce ranar da ba shi da wani zaɓi, wataƙila bayan shekara huɗu, mai shagon ma ya manta da fuskarsa.

Inji kuma ba zinariya ba ne da za a binne a tono shi yadda yake. In ya zauna, baƙin mai yakan tsiyaye ƙasa ya bar ƙarfe tsirara, raɓar damina ta shiga, tsatsa ta kama, robobi su bushe su tsattsage. Dole a riƙa ɗiga masa mai, ana juya shi da hannu lokaci-lokaci, a toshe kowace kafa saboda ƙura da zanzaro. A garin da ruwa ke iya shiga ɗaki, ambaliyar da ake gudu za ta iya cin na cikin mota da na ajiya a dare guda.

Uwargidansa ce ta taɓo inda ke ciwo. Kuɗin shinkafar dai su ne na rajistar 'yarsu a jami'a, da gyaran katangar da damina ta zubar. "Malam," ta ce, "motar ce ba ta da lafiya, ko kai ne ba ka son rabuwa da Baba?" Bai amsa ba. Motar ƙalau take, ba ta shan mai, ba ta hayaƙi. A cikinta aka kai mahaifin asibiti tafiyar ƙarshe, kuma tun daga ranar ba a sauya ko murfin kujera ba.

Wani dattijon bakanike, wanda ya koyi aiki tun zamanin da 504 ce motar gwamnati, shi ya tuna masa abin da na Haɗeja ya tsallake. Injin 504 ba irin wanda ake yarwa ba ne in ya tsufa. Bututun da fistin ke kai-komo a ciki, wanda makanikai ke kira silif, zare shi ake yi a zura sabo. Muddin ganga da kirankishaf na da lafiya, silif huɗu da fistin da zobba da gaskit sun isa su mayar da shi saurayi. Waɗannan ƙanana ne, ana naɗe su a takarda mai maiƙo a ɗora can sama, inda ruwa bai taɓa kaiwa ba. Ba su maganin fasasshiyar ganga, wannan gaskiya ne. Maganinta shi ne kada a shiga ruwan da ba a ga ƙasansa ba.

Duk da haka Malam ya je Kano, ya ga injin a Ƙofar Ruwa. Ya nemi a buɗe kansa ya duba ciki. Mai shago ya ce cikin ladabi in an buɗe to an saya, domin ba wanda zai karɓi buɗaɗɗe bayansa, kuma shi ma yana da hujjarsa. Malam ya daɗe tsaye, yana shafa fentin da yatsa. Daga nan ya zaga wani layi ya sayi silif da fistin da gaskit, ya hau motar haya da kwalinsa a cinya.

Mako biyu bayan haka bakaniken Haɗeja ya sake kira, muryarsa da ɗan zargi. Wani mai akori-kura da ke ɗaukar busasshen kifi ya saye injin, an ɗora masa a ranar, kuma ya tashi bugu ɗaya. Malam ya ce Allah ya sa albarka. Da yamma ya ɗauko tsani ya duba kwalin da ke kan azara, ya ƙara masa leda, ya sauko ya tayar da motar ya bar ta tana aiki, ba tare da ya je ko'ina ba.